Awo a Bakin Kwari

Briskila, share hawayen nan kafin ƙura ta manne.
Riƙe min bakin tef,
ki taka a hankali, gefen kwarin yana zabtarewa.

Na ji abin da magini ya ce miki.
"Ina injiniyan?"
Alhali kina tsaye a gabansa,
da hular kwano, da littafi a hammata.
Ni ma an yi min, shekara goma sha ɗaya ke nan,
a Tumfure, ranar Talata, ana yayyafi.
Kin san me na ce? Na ce yana hanya.
Wallahi haka na ce.
Na koma bayan mota na tsaya jiran kaina
har aka kira azahar.
Da na ga ba mai zuwa,
na fito na kafa ƙafa-uku, hannuna yana rawa.

Innata shekara talatin ta yi a Tudun Hatsi,
gero, dawa, wake, wani lokaci maiwa.
Ba ta san ko bihim ba,
amma ba ta taɓa dukan gindin mudu ba.
Sai ya yi tozo, ta tare da tafin hannu,
ta juye wa mai saye, ta ƙara masa gyara.
Ranar da kawu ya ce, "Mace da yawon daji?
Ga malanta, ga aikin asibiti,"
ba ta tanka masa ba.
Da safe buhun wake biyu suka bar zaure,
ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta kai ni tashar Bauchi.
Abin da ta ce kawai:
"Zuwaira, duk abin da za ki auna, ki cika shi."
Ba ta tsaya ganin tashin motar ba, kasuwa tana ci.

Ba zan yi miki ƙarya ba.
Akwai ranar da ina Dukku ɗana yana zazzaɓi,
ina karanta lamba, ina jin kukansa a waya.
Akwai yaron da na koya wa riƙe sanda,
bara aka ɗora shi a kaina.
Na yi kuka, a banɗakin ofis, na buɗe famfo
don kada masinja ya ji.
Na wanke fuska, na gyara ɗankwali,
na fito na nuna masa inda lissafinsa ya kauce.
Albashi kuwa, kin dai gani,
sai wata ya tsufa yake tasowa.

To amma dubi can.
Katangar Goggo Daso ce, taku uku tsakaninta da rami.
Daminar bara kwarin ya ci gida uku da bishiyar mangwaro,
bai tambayi sunan kowa ba.
Ita ce ta aiko mana da kunun nan a jarka,
ta ce a ba 'yan matan awo.
Ba ta nemi ganin injiniya ba.
So take ta kwana a ɗakinta idan hadari ya haɗo daga gabas.

Kin lura da yarinyar can mai tallan gyaɗa?
Tun hantsi take bin mu.
Ɗazu na ga ta haɗa kara uku, ta ɗora gwangwani,
ta rufe ido ɗaya tana leƙawa.
Kada ki waiga, za ta ji kunya.

Yawwa. Ja tef ɗin ya miƙe, kada ya yi ciki.
Sa ido sosai.
Nawa kika samu?

A'a, ba ni za ki raɗa wa ba.
Ɗaga murya, Briskila.
Magini yana jira,
siminti ya fara bushewa.